Kada Aftikos Ya Faɗo Daga Tagar Gidanka

Daga Malali nake magana da ku, a nan Kaduna, arewa da kogi. Yau maganata da iyaye ce, musamman waɗanda suke da ƙananan yara a gida. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 20, daga aya 7 zuwa 12. Ya kuma sa yatsa a Joshuwa sura 4, gama za mu koma can.

Kun san labarin. Manzo Bulus yana Taruwasa, kashegari zai tashi. Masu bi suka taru a bene, an kunna fitilu da yawa, Bulus ya yi ta magana har tsakar dare. Wani saurayi mai suna Aftikos yana zaune a bakin taga. Barci ya yi ta fizgarsa har ya rinjaye shi, ya faɗo daga hawa na uku, aka ɗauke shi matacce. Bulus ya bar wa'azinsa, ya sauka ƙasa, ya rungume shi, Allah kuwa ya komo da ran yaron.

Ni ma ina da nawa Aftikos, kuma a cikin ɗakina ya faɗi.

Sa'ad da na gama makarantar tauhidi, na fito da kai cike da karatu. Na ɗauki alkawari cewa gidana ba zai kwana ba tare da sujada ba. Alkawarin yana da kyau. Yadda na cika shi ne abin kunya. Ƙarfe tara na dare nake tara su, bayan kowa ya ci tuwo ya ƙoshi. In buɗe wasiƙar Romawa, in karanta sura guda cur, in shiga bayani, har da kalmomin Helenanci. Ɗan farina yana shekara bakwai a lokacin, ƙanwarsa biyar, ga jariri a bayan uwarsu. Wanda ya yi gyangyaɗi ya sha ranƙwashi. Sujadar takan kai awa guda.

Wata rana da dare an ɗauke wuta, muna zaune da fitilar ƙwai, ina tsakiyar bayani a kan barata ta wurin bangaskiya, sai na ji tim! Yarinyar ta faɗo daga kan benci, leɓenta ya fashe, jini ya ɓata mata riga. Uwarsu ta ɗauke ta tana share jinin, ta dube ni ta ce, "Maigida, ga Aftikos ɗinka nan. Sai dai kai ba Bulus ba ne." Na ji haushi a daren, ban ce mata kome ba. Bayan 'yan makonni na tafi taron fastoci na kwana uku. Da na komo sai ta faɗa mini cewa ranar da na tafi, yaran sun yi ta tsalle a tsakar gida suna murna, wai yau babu sujada. 'Yan'uwa, wannan ya fi jinin nan yi mini ciwo. Ni da nake tsammani ina kai su wurin Yesu, ashe ina koya musu su ƙi jin sunansa.

Ku lura da abin da Bulus ya yi. Bai tsaya a bene yana faɗa cewa samarin zamani ba su da tsoron Allah ba. Ya sauka inda yaron yake. Da yawa daga cikinmu iyaye maza muna can hawa na uku, muna jira yara su hau su same mu.

To, yanzu mu koma Joshuwa sura 4. Da Isra'ilawa suka haye Urdun, Ubangiji ya umarta a ɗebo duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar kogin, kowace kabila dutse guda, aka kafa su a Gilgal. Don me? Domin wata rana yaro zai wuce, ya ga duwatsun, ya ja rigar ubansa ya tambayi ma'anarsu, uban kuwa ya ba shi labari. Haka kuma Idin Ƙetarewa a Fitowa sura 12. Ga naman ɗan rago gasasshe, ga gurasa marar yisti, ga ganyaye masu ɗaci, kowa da takalmi a ƙafa da sanda a hannu, ana ci da gaggawa. Wane yaro ne zai ga ubansa yana cin abinci da sanda a hannu bai yi tambaya ba? Allah da kansa ya shirya abin yadda bakin yaro zai buɗe. Har wa yau Yahudawa a daren wannan idi, ƙaramin yaron gida ne yake tashi ya yi tambayoyi huɗu, a gidaje da yawa kuma akan ɓoye gutsuren gurasa yara su nema, domin kada barci ya kwashe su kafin a gama.

Mu kuwa mun juya abin. Uba yana magana, yaro ya yi shiru, in ya yi tambaya a ce ba shi da kunya.

Ga abin da muka sāke a gidanmu, ba domin mun fi kowa ba, sai domin wani ya tsira daga kuskurena. Da fari mun rage tsawon sujada zuwa minti goma, mun kuma matso da ita. Da an gama cin abincin dare, kafin a kwashe kwanuka, nan take a kan tabarma. Yaro mai yunwa ba ya ji, yaro mai barci ma haka, sai ka nemi ɗan tsakanin nan. Na bar Romawa sai sun girma. Muka koma labarai: Nuhu, Yusufu da 'yan'uwansa, Dawuda da Goliyat, Zakka a kan itace.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi yin aiki, kuma wurin maƙwabcina Musulmi na koye shi. Kullum da magariba nakan ga ya fito zuwa masallaci, ɗansa ɗan shekara huɗu yana biye da shi, riƙe da 'yar ƙaramar butarsa, yana tafiya da ƙarfi kamar babban mutum. Ba wanda ya ja shi. Yana da abin da ya riƙe, saboda haka tafiyar tasa ce. Na ce a raina, ni me na taɓa ba 'ya'yana su riƙe? Daga ranar kowa ya sami aiki. Wannan shi ne mai ɗauko Littafi daga kan kabad. Wannan ita ce mai zaɓen waƙa daga Littafin Waƙoƙi. Wani ya buga tulu irin na Zumuntar Mata, ƙaramin ya riƙe tocila ko da akwai wuta. In aka fara sujada ba a jira mai ɗauko Littafi ba, sai kuka.

Sa'an nan nakan ajiye wani abu a tsakiyar tabarma, in yi shiru. Yau gishiri, gobe tsintsiya, jibi ƙwayar gero ko igiya. Ba a minti guda sai wani ya ce, "Baba, wannan na mene ne?" Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Ranar tsintsiya uwarsu ta ɓoye maɓalli a ƙarƙashin kujera, suka share ɗakin kaf suna nema, da aka samu muka yi guɗa, kana na ba su misalin matar nan ta Luka sura 15 da kuɗinta ya ɓace. Har yau ba su manta ba. Addu'a kuwa, kowa jimla guda. A yi wa kaka a ƙauye, a yi wa mai jarrabawa, har akuyar da ba ta da lafiya an sha kai ta gaban Ubangiji, ban kuwa hana ba.

Ku yi da harshen da yaron yake ji. A Malali akwai gidajen da uba Bajju ne, uwa Ham ko Gbagyi, yara suna Turanci a makaranta, Hausa a layi. Kada ka karanta da Turanci domin a san ka yi boko. Wata sabuwar matsala kuma ita ce waya. A zamanin da nake ba ku labari babu ita a hannun kowa, yanzu kuwa ɗan shekara uku ya iya latsa ta. Ku sa faranti, kowa ya ajiye tasa, ta baba ce za ta fara shiga.

Na san wani dattijo zai ce, Fasto, wannan ai wasa ne da abin Allah. Baba, na ji ka, kuma akwai lokacin da za a koya wa yaro ya rufe ido ya natsu. Amma minti biyu ne ƙarfinsa, ba awa ba. Almajirai ma sun ga kamar yara za su ɓata wa Yesu lokaci, suka kore su, Markus sura 10 kuwa ta nuna mana cewa da almajiran ya ji haushi, yaran kuma ya rungume su.

Kada kuma mu jingina kome a kan Makarantar Lahadi. Tun da Robert Raikes ya fara tara yaran titi a garin Gloucester na Ingila a 1780, wannan aiki ya taimaki ikilisiya ƙwarai, ina kuwa gode wa malamanmu. Amma mako guda awa 168 ne, malamin Lahadi awa ɗaya yake samu. Mu da muke zaune a wannan gefen kogi mun san wani abu kuma. Bayan rikicin Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002, 'yan'uwa da yawa sun ƙaura zuwa Sabon Tasha, Narayi, Barnawa da sauran unguwannin kudu. Akwai layin da ɗanka ne kaɗai yaron Kirista a ciki. Yana zaman lafiya da abokansa, muna gode wa Allah, amma za su tambaye shi abin da ya gaskata. Amsar da zai bayar, a kan tabarmar gidanku zai same ta.

Yanzu batun fita. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ce a koya wa yara maganar Allah a zaune cikin gida, a kuma koya musu a kan hanya. Ashe tafiya ma aji ce. Ba sai kana da mota ba. Mu a Keke muka sha zuwa Gamji Gate, bakin Kogin Kaduna, inda ƙaramar gadar ƙarfen nan ta Lugard take, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa nan. Kafin mu fita nakan ba kowane yaro abin nema: kai ka ƙirga tsuntsaye, ke ki samo mini ganye iri biyar, kai kuma ka zaɓo dutse guda mai santsi. A bakin ruwan nan na ba su labarin jariri Musa cikin kwando, ban buɗe littafi ba. Dutsen kuwa muka kawo gida, ya zama na tsakiyar tabarma a daren. Akwai gidan kayan tarihi a titin Ali Akilu, inda yaro zai ga siffofin yumɓu na mutanen Nok ya yi ta tambaya. In kun sami zarafin zuwa Zariya, ku ratsa Wusasa ku nuna musu majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, ku gaya musu labarin Likita Miller da abokan aikinsa, da yadda Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Waɗannan su ne duwatsun Gilgal namu. Gani ya kori ji.

Ku bar yaro ya ɗauki guzuri. A Yahaya sura 6, abincin da ya ƙosar da mutum dubu biyar daga hannun yaro ya fito. Ku kuma komo gida tun suna dariya, kada ku jira sai an fara kuka.

Amma ku yi hankali. Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar yini guda daga Urushalima suna zaton Yesu yana cikin ayari, sai bayan kwana uku suka same shi. In wannan ya sami iyaye irinsu, mu fa? A taron Kirsimati, a tashar Kawo, a babban taron ikilisiya, haka yara suke ɓacewa: baba yana zaton yana wurin mama, mama tana zaton yana wurin yayarsa. Kafin ku bar gida, a faɗa da baki wane ne yake riƙe da wane. Ku koya wa yaro cikakken sunan ubansa, da unguwarsu, da sunan majami'arsu, ku rubuta lambar waya a takarda ku sa masa a aljihu. Bakin kogi kuma a watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ya cika, ba wurin sakin hannun yaro ba ne.

Ba zan ruɗe ku in ce wanda ya yi haka duka 'ya'yansa za su tsaya ba. Ɗan farin nan nawa, wanda ya fi shan ranƙwashi, da ya shiga jami'a ya yi shekara huɗu bai taka majami'a ba. Ni da uwarsa mun yi kuka a gaban Ubangiji. Da ya komo, wata rana muna zaune na roƙe shi gafara saboda waɗancan darare. Ya yi shiru, kana ya ce, "Baba, na tuna ranar tsintsiya." Yarinyar kuwa ta yi aure, tabon yana nan a leɓenta har yanzu, nakan gan shi duk ranar da ta kawo mana jika.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka gafarta mana inda muka gajiyar da ƙananan nan da yawan maganarmu. Ka ba iyaye maza tawali'u su sauko, ka ba iyaye mata ƙarfi, ka tuna da gwauraye da kakanni masu renon yara su kaɗai. Ka tsare 'ya'yanmu a gida da kan hanya, ka komo da waɗanda suka yi nisa. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba labarin Timoti da kakarsa Loyis. Ku kwana lafiya.