Kada Hunturu Ya Mayar Da Mu Cikin Bargo

Shugaba, dattawa da sauran 'yan'uwa, maganar da aka ba mu a yau ita ce ta fita motsa jiki da safe, wadda ke mutuwa duk shekara da zarar iskar hunturu ta kaɗa.

Kowa ya gani. A watan Oktoba mukan cika hanya bayan Asuba, wasu na sassarfa, wasu na tafiya. Disamba na shiga sai a nemi mutane a rasa. Wannan ya ce mura, wancan ya ce gobe. To, goben nan takan kai mu har Maris, sai kuma a ce ai zafi ya yi yawa.

Mu faɗa wa juna gaskiya, sanyin Abuja bai kai na gida ba. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya san sanyin da ke sa a kwana da gawayi a ɗaki. Iyayenmu a cikinsa suke sammakon kasuwa da ƙafa. Mu kuwa daga gida sai mota, daga mota sai benci a Wuse ko Dei-Dei, ana shan shayi da madara har Magariba. Hawan jini da ciwon suga ba su san hunturu ba, balle su ɗaga mana ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Wa zai ce ba shi da rabin awa? Mai ganin gudu bai dace da girmansa ba kuma, ya tuna Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha.

Abin kiyayewa na gaske shi ne ƙura, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman yankin Bodele na Chadi. Ran da hazo ya yi kauri, mai asma ko tari ya rufe hanci ko ya haƙura. Kada a hau titi da duhu, don direba ba ya hangen nesa cikin hazo. A bari gari ya ɗan waye, a sa tufa mai haske. A shafa man kaɗanya saboda faso, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba. A fara da tafiya kafin gudu. Mai hawan jini ya ga likita tukuna.

Wuri kam akwai. Ga bakin tafkin Jabi, inda jama'a ke cika ranar Asabar, ga Millennium Park da aka buɗe a 2003. Amma a ganinmu na kusa da gida ya fi, don wanda sai ya shiga mota zai je, ba zai daɗe yana zuwa ba.

Shawararmu ita ce a haɗa mutum uku-uku daga masallaci guda. A zo sallah da takalmin a hannu, domin duk wanda ya ce bari ya koma ɗaki ya ɗauko, bargo ya kama shi ke nan. Wanda bai fito ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa, in ya maimaita ya sayi goron kowa. Mata ma su haɗa nasu rukunin. Mai so ya ba sakatare sunansa kafin a tashi. Wassalam.