AMSOSHIN TAKARDUNKU: TURANCI DA FARANSANCI A WAJEN CINIKI

   Takardu huɗu muka ware a wannan mako, dukansu kuwa magana guda suke yi, wato yadda za a juya maganganun Turanci na yau da kullum zuwa Faransanci ba tare da an yi ɓaranɓarama ba.

Wani zai ce, to ina ruwan manomi da Faransanci? Ai iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta tsakanin 1898 da 1908, kowa ya bar harshensa a ofis. Gaskiya ne daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Ƙonni, da Hausa ake ciniki. Har ma a 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Amma fa takardar kwastan, wadda 'yan'uwanmu na can ke kira duwan, da rasit, da yarjejeniya, galibi da Faransanci za ka gan su. Haka in ka gangara Kwatano ko Lome.

Takarda ta farko ta fito daga wani Alhaji mai fataucin wake a Jibiya. Ya ce akawun abokin cinikinsa na Maraɗi ya aiko masa da saƙo cewa "je demande le reste de l'argent". Ɗansa da ke sakandare ya karanta ya ce ai "I demand" ake nufi, wato a biya ko da tsiya. Alhaji ya ce ransa ya ɓaci, yau wata biyu ke nan ba ya ɗaukar wayar mutumin.

To Alhaji, Allah Ya huci zuciyarka, mutumin nan bai zage ka ba. Kalmar "demander" a Faransanci nema ce ko tambaya, daidai da "ask" ta Turanci. Cewa ya yi yana neman cikon kuɗinsa, shi ke nan. Da tilas yake nufi, da "j'exige" zai rubuta. Don haka a ɗauki waya a kira shi, a gyara zumunci, kada a yi asarar abokin ciniki a kan kalma ɗaya.

Yaron ma kada a ga laifinsa da yawa. A shekarar 1066 wani basarake mai suna Wiliyam daga Normandi ta ƙasar Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru aru-aru. Turanci ya ari kalmomi dubbai, wasu kuma da tafiya ta yi nisa ma'anarsu ta kauce. Su Faransawa "faux amis" suke ce musu, wato abokan ƙarya. Kama da wane ba ta wane. Ga kaɗan da ɗan kasuwa zai yi karo da su. "Attendre" jira ne, ba halarta ba. "Rester" zama ne a wuri, hutawa kuwa "se reposer". "Charger" lodi ne, in an ce "charger le camion" a loda babbar mota ake nufi. "Location" haya ce. "Monnaie" canji ne, kuɗi kuwa "argent". Kalmar "sale" da Bature ke rubutawa a kan kayan sayarwa, a Faransanci dauɗa take nufi, don haka "à vendre" za ka rubuta a jikin buhunka. Wadda ta fi haɗari ita ce "éventuellement". Mai Turanci zai ɗauka "eventually" ce, wato komai daɗewa za a biya shi. Alhali ma'anarta "wataƙila, in hali ya yi". Wanda ya rubuta maka ita bai yi maka alkawarin komai ba.

Takarda ta biyu daga wani matashi ce, yaron mota a hanyar Maigatari zuwa Damagaram. Ya ce ya ɗan taɓa Turanci, amma ya duba ƙamus ya rasa kalma guda da za ta tsaya a madadin "get".

Samari, ai ba za ka same ta ba, don babu ita. Sai ka tambayi kanka da Hausa, me nake so in ce? In samu ne, "obtenir" ko "recevoir". In isa wuri ne, "arriver". Shiga mota "monter", sauka "descendre", tashi daga barci "se lever". Ka ga Hausa ce ta raba maka gardama.

Akwai ma wuraren da Faransanci ya fi kusa da Hausa. Bature yana da "do" yana da "make", Bafaranshe kuwa "faire" kaɗai gare shi, kamar yadda muke da "yi". Yi hankali, "faire attention". Yi layi, "faire la queue". Cika tanki da mai, "faire le plein". Haka wajen shekaru. Bature zai ce "I am forty", mu mu ce ina da shekara arba'in, Bafaranshe ma ya ce "j'ai quarante ans", wato ina da. Yunwa "j'ai faim", ƙishirwa "j'ai soif". In ka gama aiki ka ce "j'ai fini". Kada ka bi Turanci ka ce "je suis fini", wannan tawa ta ƙare ke nan. In kuma an ba ka tuwo ka ƙoshi, "j'ai bien mangé" za ka ce. Wanda ya juya "I am full" ya ce "je suis plein", sai a ɗauka ya yi tatul da giya, wa'iyazu billahi. Saniya mai ciki ma "pleine" ake ce mata.

Takarda ta uku wata Hajiya ce daga Kano, mai sarin atamfa a Kwatano. Ta ce an ba ta takarda ta sa hannu, akwai "je vous dois" a ciki, tana so ta san wa ke bin wani.

Hajiya, tambayarki ta fi kowace nauyi, kowa ya buɗe kunne. A Hausa mai kuɗi ne ke kan gaba, mu ce ina bin ka bashi. A Turanci da Faransanci wanda ake bi ne ke kan gaba. "Je vous dois 50 000 francs" daidai yake da "I owe you", wato kuna bi na. In kin sa hannu a ƙarƙashin wannan, kin amsa cewa ke ake bi. In ke ce mai kuɗin, ko dai shi ya sa hannu a kai, ko kuma a rubuta "vous me devez". Sa'an nan "borrow" shi ne "emprunter", karɓowa ke nan. "Lend" shi ne "prêter", bayarwa ke nan. Mu mun raba aro da rance, su ba su raba ba, don haka a rubuta ƙarara abin da za a mayar. Sayen kaya bashi "acheter à crédit", kafin alƙalami "acompte", rasit "reçu". Kada a ba da ko sisi sai an karɓi "reçu".

Wani abu kuma, Bature kowa "you" yake ce masa. Bafaranshe yana da "tu" don yaro da aboki, da "vous" don babba da baƙo, kamar dai yadda muke ce wa dattijo ku. Gaban jandarma ko ɗan duwan, "vous" za a riƙe.

Takarda ta ƙarshe daga wani manomin albasa ce a Illela. Yana tambaya ko ana juya karin magana kalma da kalma.

Malam, ba a yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In abu ya yi tsada, Bature ya ce ya ci masa hannu da ƙafa, "an arm and a leg". Bafaranshe idanu yake ambata, "coûter les yeux de la tête". Mu mu ce ya yi ɗan karen tsada. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, Bature ya ce kyanwoyi da karnuka ke zubowa, Bafaranshe ya ce igiyoyi ne, "il pleut des cordes". Cinikin biri a sama kuwa, Bature alade ya sa a buhu, "a pig in a poke", Bafaranshe kyanwa ya sa, "acheter chat en poche". Dabarar ita ce ka gane manufa, ka nemo yadda masu harshen ke faɗinta. In ba ka sani ba, faɗi maganarka a miƙe: "c'est trop cher", ya yi tsada.

Tun da manomi ne kai, ga guzuri. Albasa "oignon", wake "niébé", dawa "sorgho", gyaɗa "arachide", aya "souchet". Gero "mil" ne, dubu kuma "mille", a kunne kusan ɗaya suke. Lissafi ma da sarƙa. "Vingt-quatre" 24 ne, "quatre-vingts" kuwa 80 ne, wato ashirin sau huɗu. "Soixante-dix" 70, "quatre-vingt-dix" 90. Ka kuma tuna a kasuwannin Nijar dala sefa 5 ce, jaka sefa 1,000. Wanda ya ce maka ɗari da Hausa, sefa 500 yake nufi, wanda ya ce "cent francs" 100 yake nufi.

Saboda haka jama'a, shawararmu uku ce. Duk farashi a rubuta shi da lambobi, a kuma rubuta sefa ne ko naira. Duk takardar da za ka sa wa hannu ko ka dangwala, a karanta maka ita da Hausa, ka kuma sa wani dabam ya sake karantawa. Manhajar fassara ta wayar hannu tana taimakawa, amma in maganar bashi ce a nemi mutum mai amana wanda ya san harshen. Rigakafi ya fi magani.

A nan za mu dakata. A ci gaba da aiko mana da takardu, a rubuta su gajeru, tambaya ɗaya a takarda ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da kasuwa, Ya sa albarka a rumbu. Ku huta lafiya.