Takardar Cinikin Babur: A Ba Wani Ya Duba Kafin A Sa Hannu

Wannan jawabi ne da wani malamin yaƙi da jahilci ya yi wa ɗalibansa a garin Wudil. An buga shi domin amfanin masu saye da sayar da babur a karkara.



Babur ya zama jakin wannan zamani. Da shi manomi ke kai taki gona. Da shi ake kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, ba a iya ƙirga baburan da ke tsallaka gada. Mutum yakan sayar da bijiminsa a kara, ya cika da kuɗin gyaɗa, ya sayi Boxer ko Jincheng a hannun wani. Amma sau da yawa takardar cinikin ba ta wuce layi biyu ba. Ran da 'yan sanda suka tare shi, ko wani ya ce babur ɗinsa ne da aka sace, takardar nan ba za ta cece shi ba.

A shekarar 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, domin talaka ya iya rubutu da hannunsa. Addini ma ya kula da wannan. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. To amma iya rubutu daban, iya tsara takarda daban. Shi ya sa duk wanda ya rubuta takardar ciniki, ya ba wani ya duba kafin a sa hannu.

Yadda ake tsara takarda

Kowace magana ta samu layinta. Kada a cakuɗa su.

1. Kwanan wata a sama: rana, wata da shekara. Rubuta "ran Juma'a" kaɗai bai isa ba, domin Juma'a tana da yawa.
2. Cikakken sunan mai sayarwa da na mai saye, da garin kowannensu.
3. Irin babur ɗin da launinsa.
4. Lambar inji, da lambar jikin babur wadda makanikai ke kira shasi, da lambar da ke maƙale a baya.
5. Kuɗin da aka daidaita, da abin da aka biya, da abin da ya rage, da ranar cikawa.
6. Sa hannu ko dangwalen mai saye da mai sayarwa da shaidu biyu.

A rubuta takarda biyu iri ɗaya, kowa ya riƙe tasa. A kuma karɓi rasit na asali daga mai sayarwa.

Abin da mai dubawa zai lura da shi

Na farko, lambobi. Ya je wurin babur ɗin da kansa, ya goge ƙura, ya gwada abin da ke jikin ƙarfe da abin da ke takarda, ɗaya bayan ɗaya. Harafin S yana kama da 5. Harafin B yana kama da 8. Kuskure ɗaya ya isa a ce ba wannan babur ba ne.

Na biyu, kuɗi. Idan sifiri ɗaya ya faɗi, naira 900,000 ta koma 90,000. Don haka a rubuta kuɗi da lamba, a sake rubuta shi da kalmomi.

Na uku, haruffa masu ƙugiya. Babur baƙi ne, ba baki ba. Kafa daban, ƙafa daban.

Na huɗu, magana mai fuska biyu. "Ya biya" ba ɗaya ba ne da "zai biya". "Zai cika bayan kaka" ba rana ba ce. A faɗi ranar da watan. Gajeruwar jimla ta fi doguwa, domin ba ta ɓoye komai.

Ladabin gyara

Mai dubawa ya ja mai takarda gefe, kada ya kunyata shi a bainar jama'a. Ya fara da yaba abin da ya yi daidai. Ya karanta takardar a bayyane, a hankali, mai ita yana ji. Sau da yawa kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Ya ja layi da fensir ƙarƙashin kuskure, ya faɗi dalili. Kada ya karɓe biro ya rubuta masa. Mai takarda ya sake ta da hannunsa a sabon shafi, domin da haka ake koyo. Takarda mai kankare-kankare kuwa tana jawo zargi.

Shi kuma wanda aka yi wa gyara kada ya ji haushi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gara ɗan'uwa ya ga kuskure yau a zaure, da alƙali ya gan shi gobe a kotu.

Allah ya tsare dukiyar kowa, ya sa albarka a ciniki. Amin.