Jawabi: Manhajar Auna Gudun Jini a Jijiyoyin Zuciya, da Rabon Mutanen Madawa, Buza da Keita

Maganar wannan zama a kan zuciya take, da wata manhajar kwamfuta da likitocin Turai da Amurka suke aiki da ita, da kuma abin da zai sa ta amfani mutumin Madawa ko Buza ko Keita.

Zuciya, ko da yake ita ke tura jini cikin jiki duka, ita ma shayar da ita ake yi ta wasu ƙananan jijiyoyi da ke kwance a kanta. Tsufa da hawan jini da ciwon sukari da shan taba sukan sa kitse ya taru a bangon jijiyoyin nan har hanya ta ƙuntata. Alamar da aka fi sani ita ce nauyi a ƙirji in mutum ya yi sauri ko ya ɗauki kaya, ya lafa in ya huta.

To, duk mai lambun albasa a kwarin Magiya ya san magudana takan yi kamar ta cushe da yashi, amma ruwa ya isa kowane fangali. Wata kuwa a gan ta sarai, alhali albasar ƙarshen lambu tana ƙishi. Haka jijiyar zuciya take. Hoto yakan nuna ƙunci, amma ba ya faɗin ko jinin da ke wucewa ya ishi naman zuciya. A kan wannan tambaya kuwa ake yanke shawarar ko a buɗe jijiyar a sa mata ƙarfen tokare, ko a bar majinyaci kan ƙwayoyin magani.

A farkon shekarun 1990 likitoci biyu, Nico Pijls na Holan da Bernard De Bruyne na Beljiyam, suka fito da awon da ake kira FFR. Ana zura siririyar waya ta jijiyar hannu ko ta cinya har cikin zuciya, a ba da maganin da ke buɗe hanyoyin jini, a auna ƙarfin jini bayan ƙuncin, a gwada shi da na gabansa. In awon ya fi 0.80, galibi magani ya wadatar. In ya tsaya nan ko ya yi ƙasa, sai a yi tunanin aiki. Binciken FAME na 2009 ya nuna bin wannan awo yana rage ƙarafan da ake sawa, majinyata kuma sun fi samun sauƙi. Sai dai aikin yana neman ɗaki na musamman da ƙwararren likita da kuɗi masu nauyi.

Manhajar da ake magana a kai ta zo ne don a sami wannan lamba ba tare da zura waya ba. Ana ɗaukar hoton zuciya da na'urar sikana, a aika shi ta intanet ga kamfanin HeartFlow na Kalifoniya. Can kwamfuta za ta zana jijiyoyin majinyacin kamar yadda suke, ta lissafa gudun jini a cikinsu da irin lissafin da injiniyoyi ke yi wa ruwa a bututu, ta maido da amsa. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a 2014, hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar aiki da ita a 2017. A binciken PLATFORM na 2015, kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka shirya zura wa waya an soke musu aikin bayan an ga amsar kwamfuta.

Wannan adadi shi ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. Attajirin da ya sayar da buhunan albasa ko ya jinginar da gida don ya kai mahaifinsa Yamai ko Sakkwato ko Tunusiya, da ma'aikacin da ke jiran takardar fita waje magani, kowannensu yana da haƙƙin tambayar likita: shin an auna gudun jinin, ko ƙuncin kawai aka gani a hoto?

Amma kada a ruɗi kowa. Manhajar ba ta aikin gaggawa. Wanda ciwon ƙirji ya kama yana zaune, gumi na keto masa, asibiti zai nufa nan take. Hoton ma yakan ƙi karantuwa in jijiya ta ƙandare ƙwarai ko bugun zuciya ba ya tafiya daidai. Ga kuma tsada: a Ingila an ƙiyasta fam 700 kowane awo, wato sama da jika 500 na sefa, ban da kuɗin sikana. Sikanar kanta sai mai ƙarfi, sai wuta mai ɗorewa, abin da mutanen Nijar suka san darajarsa a watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa.

Saboda haka a Madawa da Buza da Keita maganar daga ƙasa za ta faro. Kafin a kai ga sikana akwai abin auna hawan jini a kowane ƙaramin gidan likita na karkara, da na'urar zanen bugun zuciya a asibitin gunduma, da ma'aikacin da ya iya karanta ta, da motar ɗaukar majinyaci mai mai a tanki. Shirin raya karkara na Keita, wanda ya soma a 1984 da tallafin Italiya da FAO, da ƙananan madatsu da jeren duwatsu a kan tudu ya tare ruwa, mata da maza suna ɗauko dutse da ka. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya. Masu biyan haraji da kuɗin rumfa a kasuwannin gundumomin nan uku suna da bakin tambayar nawa ne ya iso, kuma me aka saya da shi.