Jawabin Shugabar Mata: In Za Ki Sa Kuɗinki a Ginin Gida

Iyayena da 'yan'uwana matan jam'iyya na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Tun da rashin tsaro ya koro jama'a daga ƙauyuka, kowa burinsa ya samu nasa muhallin a gari. Da yawanmu mun sayar da awaki, mun kwashi adashi, mun miƙa wa maigida a yi gini. Madalla. Amma fa a rubuta!

In ta Allah ta kasance ya bar 'ya'ya, tumunin dukiyarsa kaɗai matansa za su raba, ko da su huɗu ne. Kuɗinki in ba shaida, sai ya shige cikin gado. Don haka a rubuta, rance ne ko tarayya, shaidu biyu su sa hannu.

Fili kuma kar a biya sai mai unguwa da maƙwabta sun tabbatar da mai shi, an karɓi takarda. Harsashi da rani, kwano kafin damina. Kar a ajiye siminti ya daskare, a buga bulo da shi. Ɗaki biyu, banɗaki da katanga sun isa a tare, sauran a hankali.

A tura wa sauran mazaɓu. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.