Jawabi Ga Malaman Lambara Bisa Takardar Shaida Da Albashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ya ku malamai da almajirai, ina so in yi muku magana bisa takardar shaidar malanta, domin a zamanin ga albashin malamin makaranta shina bin takarda tasa, komi zurfin karatu nasa.

Ku sani shaida ba baƙon abu ba ce gare mu. Nan kusa da mu, a Sifawa, Shehu Usmanu ya zauna shina karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa, wanda ya zauna Boɗinga, ya rubuta littafi mai suna Ida'un Nusukhi, ya lissafa malaman da ya yi karatu gare su da littattafan da ya karanta. Wanda ya sauke littafi akan ba shi ijaza, mutane su san daga wa ya ɗauko. To, hukuma ita ma ta kafa tata ijaza, ita kaɗai take dubawa ranar biya.

A 1993 anka yi dokar da ta kafa majalisar rajistar malamai ta Nijeriya, wadda ake ce ma TRCN, kuma tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawa tata kana a rubuta sunansa. Mafi ƙanƙantar takardar da hukuma ta aje domin shiga aikin karantarwa ita ce NCE. Mai ita akan ɗauke shi bisa mataki na 7 na albashi, mai digiri bisa na 8. A 2008 ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, gwamnoni sunka yarda da ƙarin kashi 27 da rabi cikin ɗari ga malamai masu takardar koyarwa, wasu jihohi sunka biya, wasu sunka yi ta jinkiri. A 2022 anka sa hannu ga dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki.

Abin da ke damuna shi ne malamin zaure, wanda ya karanta Risala da Muhtasar da Alfiyya, shina karantar da Larabci ga yaran gari. Sunansa ba shi cikin rajista, saboda haka in an yi ƙari ba shi da rabo, in an zo tankaɗe shi ne farkon fita. Ku tuna Kaduna a 2017, inda anka yi ma malaman firamare jarrabawa, anka sallami fiye da 21,000.

Shawarata biyu ce. Ta fari gare ku, almajirai: kada ku bar zaure, amma ku haɗa da takarda. Ku zauna jarrabawar hukumar Larabci da addinin Musulunci, wato NBAIS, sa'an nan ku nemi NCE a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato. Wanda aiki ya riƙe, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana karantarwa daga nesa. Shi kansa Alhaji Shehu Shagari, mutumin Shagari, malamin makaranta ne mai horo kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Ta biyu gare ku, manyan malamai: ku haɗa kai ku rubuta ma hukumar ilmi, ku roƙa a buɗe ƙofar jarrabawa ga wanda ya yi karatun zaure, a auna saninsa, in ya ci a ba shi mataki da albashin da ya dace da shi. Ba alfarma muke nema ba, a gwada mu kawai.

Allah Shi ba mu ilmi mai amfani da abinci na halal. Wassalamu.