Haɗa Amfilifaya Mai Bawul da Hannunka

 A cikin shirinmu na kimiyya da sana'a na yau za mu yi magana ne a kan wata na'ura wadda mutane da dama su ke tsammani zamaninta ya wuce, watau amfilifaya mai bawul, irin wadda ke cikin manyan akwatunan rediyo na da, waɗanda in an kunna su sai an ɗan dakata sun yi zafi kafin murya ta fito. Har yanzu ana ƙera bawul, har yanzu kuma akwai masu zama a ɗaki su haɗa irin wannan na'ura da hannunsu. Dalili kuwa shi ne, tana cikin 'yan kayan lantarki ƙalilan da mutum guda zai iya fahimta tun daga farko har ƙarshe, ya san aikin kowace waya, ya kuma gyara in ta lalace. Amma fa tana ɗauke da wutar da za ta iya kashe shi. A kan waɗannan abubuwa biyu, fahimta da hankali, jawabinmu zai tsaya.

Bari mu soma da asali. Tun farkon shekarun 1880 Thomas Edison na Amurka ya lura cewa in an sa ɗan ƙarfe a cikin ƙwan fitilar lantarki kusa da zaren da ke ci, wuta ta kan tsallaka daga zaren zuwa ƙarfen, alhali kuwa ba abin da ya haɗa su. A shekarar 1904 John Ambrose Fleming, wani shehun malami a London, ya mai da wannan abin mamaki ya zama na'ura mai barin wuta ta wuce ta gefe guda kaɗai. A 1906 kuma Lee de Forest na Amurka ya ƙara wata siririyar raga ta waya a tsakani. Wannan raga ita ce ta buɗe ƙofar rediyo, da tarho mai dogon zango, da silima mai magana. Bawul ya yi mulkinsa har aka ƙago tiransista a Amurka a ƙarshen 1947, wadda daga baya ta karɓe kasuwa saboda ƙanƙanta da araha da rashin cin wuta.

To, yaya bawul ya ke aiki? Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiya akwai ɗan bututun ƙarfe da a ke kira katod, wanda wani zare ke gasawa daga ciki. In ya yi zafi sai ya dinga fitar da ƙwayoyin lantarki, watau elektiron. A kewaye da shi akwai faranti, wanda a ke ba wuta mai ƙarfi don ya jawo ƙwayoyin nan. Raga tana tsakaninsu. Ku dubi manomin rani a bakin lambunsa: da 'yar ƙasar da ya ture da fartanya ya ke sarrafa ruwa mai yawa, ya buɗe ko ya rage. Haka raga ta ke. 'Yar wuta kaɗan da ta zo daga makirfo ko na'urar faifai, in ta hau kan raga, sai ta juya wuta mai yawa da ke gudu zuwa faranti, ta sa ta bin sawunta daidai. Wannan shi ne ƙara sauti.

Haɗa irin wannan na'ura a gida tsohuwar al'ada ce. A 1947 wani injiniya mai suna D. T. N. Williamson ya buga tsarin amfilifayarsa a mujallar Wireless World ta Ingila, mutane kuwa suka yi ta kwaikwayonsa a ƙasashe daban-daban. A 1954 kamfanin Mullard, mai ƙera bawul, ya fitar da tsarin da ya kira 5-10, watau bawul biyar, ƙarfin wat goma, daga baya kuma ya fitar da ƙaramin, 3-3. Waɗannan zane-zane suna nan har yau, kuma shawararmu ta farko ga mai koyo ita ce ya ɗauki tsarin da aka riga aka jarraba ya bi shi sau da ƙafa. Ƙirƙira tana zuwa ne bayan ƙwarewa.

Tsari mafi sauƙi yana bukatar bawul iri biyu. Na farko shi ne ECC83, wanda a Amurka a ke kira 12AX7. Bawul biyu ne a cikin kwalba guda, aikinsa kuwa shi ne ya ɗaga raunanan sauti. Na biyu shi ne EL84, wanda Amurkawa ke kira 6BQ5, shi ke ba da ƙarfin motsa lasifika. Da ECC83 guda da EL84 biyu mutum zai sami sitiriyo, lasifikar dama da ta hagu, kowace da ƙarfin wat uku zuwa huɗu na sauti mai tsabta. Kada a rena wannan. In lasifikar mai sauƙin motsawa ce, ya isa ya cika ɗakin zama. Sai dai ba zai isa filin biki ko harabar masallaci ba, kuma gara mutum ya san haka kafin ya kashe kuɗinsa.

Bisa ga takardar bayanin masu ƙera shi, EL84 yana aiki da bolt 250 a kan faranti, yana jan miliamfiya 48. In ka ninka su za ka sami wat 12, wanda shi ne iyakar zafin da farantin zai iya ɗauka. Abin da ke riƙe shi a kan wannan ma'auni wata 'yar rasista ce ta om 135 da a ke sawa tsakanin katod da ƙasa. Da yawa daga masu haɗawa su kan sa ta om 150 don bawul ya sami sauƙi ya daɗe. In ka gama aiki ka auna wutar da ke kan wannan rasista, ka ga misalin bolt 7, to, bawul ɗinka yana cikin lafiya. In ta zarce haka da nisa, ko ka ga farantin ya soma yin ja, sai ka kashe nan da nan. Sau da yawa laifin na 'yar kwandansar da ke tsakanin bawul na farko da na biyu ne, wadda aikinta shi ne ta bar sauti ya wuce ta tare babbar wuta.

Abin da ya fi kowane muhimmanci a cikin na'urar shi ne taransifomar sauti. Bawul yana aiki da bolt mai yawa da gudun wuta kaɗan, lasifika kuwa akasin haka ta ke so. EL84 yana son ya ga nauyin misalin om 5,000, alhali lasifika om 8 ce. Raba 5,000 da 8, ka sami 625, wanda shi ne 25 sau 25. Saboda haka in an yi naɗin waya 25 a gefen bawul, sai a yi ɗaya a gefen lasifika. A irin wannan tsari mai bawul guda, wuta tana bi ta cikin taransifomar kullum, don haka a kan bar 'yar tazara a cikin ƙarfenta, in ba haka ba sai ta ƙoshi da maganaɗisu sauti ya shaƙe. Shi ya sa taransifomar wuta ta yau da kullum ba ta maye gurbinta yadda ya kamata. In za ka yi tsimi, yi a kan akwati da ado, amma a nan ka sayi mai kyau.

Sai taransifomar wuta, wadda ke ba da bolt 6.3 don gasa katod, da kuma babbar wutar faranti. Zaren EL84 yana jan amfiya 0.76, na ECC83 kuma 0.3, saboda haka uku ɗin sun kusa amfiya 2. A nan sai kowa ya dubi ƙasar da ya ke zaune. A Gana da Sudan da Ingila wutar gida bolt 230 ce, a Kamaru da Cadi 220, duka kuwa tana kai da kawowa sau 50 a daƙiƙa. A Amurka bolt 120 ce, sau 60. A Saudiyya sau 60 ce, kuma ko da ya ke an koma ma'aunin 230, ana iya tarar da 127 a tsofaffin gine-gine. Taransifomar da aka yi don 50 za ta yi aiki a 60 lafiya lau, amma wadda aka yi don 60 kaɗai ta kan yi zafi in an kai ta ƙasar 50. Duk wanda zai aika wa ɗan'uwansa kaya daga Amurka, ya lura da wannan.

Wajen shimfiɗa kaya a kan akwatin alminiyam, babban abokin gaba shi ne ƙugi, wannan ƙara mai kama da ta ƙudan zuma da ke fita daga lasifika ko ba a sa kome ba. Maganinsa tsari ne. A nisanta taransifomar wuta daga ta sauti, a kuma juya su yadda ƙarafansu ba za su fuskanci gefe guda ba. A murɗa wayoyi biyu na zaren gasawa kamar igiya, a kwantar da su a jikin akwati nesa da wayar raga. A taƙaita wayar da ke kawo sauti. A tara wayoyin ƙasa su haɗu da akwati a wuri guda. Wajen sa dalma kuma, a gasa mahaɗar ne har dalma ta narke a kanta ta kwanta sumul. A bar ramukan shan iska, musamman ga mazauna wurare masu zafi irin su Khartum da Njamena, gama zafi shi ke rage kwanan kwandansa.

Yanzu mun zo kan maganar da ta fi duk wadda muka yi nauyi. Ana mai da wutar taransifoma ta zama mai gudu gefe guda da diyod, irin su 1N4007, sa'an nan a tara ta cikin manyan kwandansoshi, waɗanda lalle ne su zama masu jure bolt 400 ko 450. Waɗannan kwandansoshi su kan riƙe wuta ta kusan bolt 300 bayan an kashe na'ura, an ma zare waya daga bango. Miliamfiya 'yan gomiya kaɗan in sun ratsa ƙirji sun isa su rikita bugun zuciya. Saboda haka sai a ɗaura rasista ta om 220,000 mai wat 2 a kan kwandansa ta zauna can dindindin. In jimlar kwandansoshin mikrofarad 100 ce, za ta tsiyaye wutar cikin misalin minti biyu. Duk da haka kada ka sa yatsa sai ka auna da mita, gama rasista ma ta kan mutu ba da sallama ba.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a wannan sana'a hannu ɗaya shi ke tsirar da rai. In kana awo na'ura tana kunne, maƙala baƙar wayar mita a jikin akwati tun kafin ka kunna, ka riƙe jar da hannu guda, ɗayan kuwa ka sa shi a aljihu, don kada wuta ta sami hanya daga hannu zuwa hannu ta cikin zuciya. Cire zobe da agogo, sa takalmin roba, kada ka tsaya a kan siminti mai laima. Ka haɗa akwatin da wayar ƙasa ta gidan, ka sa fis. Kada ka yi aiki kana jin barci, kada kuma ka yi shi kai kaɗai a gida. Wanda zai kwance tsohuwar rediyo don neman kaya, ya sani akwai waɗanda aka yi ba taransifomar wuta, ƙarfen cikinsu a haɗe ya ke da wutar bango kai tsaye. Irin wannan tsari ba abin kwaikwayo ba ne.

Ranar kunnawa ta fari, ka bi zanen waya bayan waya kana yi wa kowace alama. Ka haɗa lasifika tukuna, domin amfilifaya mai bawul in ta yi aiki ba lasifika tana iya ƙone taransifomar sauti. Sa'an nan ka jera ƙwan fitila irin na da mai zare, na wat 60, a kan hanyar wutar da ke shiga. In ƙwan ya yi haske farat ɗaya ya dushe, alama ce mai kyau. In ya tsaya da haskensa, akwai inda wayoyi suka haɗu, ƙwan kuwa ya tare barnar. In kome ya tafi daidai, cikin 'yan daƙiƙoƙi za ka ga zare ya yi ja, sauti ya taso a hankali.

Game da daɗin sautin, sai mu faɗi gaskiya. In an je ga awo, amfilifaya mai tiransista ta kirki ta fi ta tsabtar sauti, ta fi ƙarfi, ta fi araha. Abin da masoya bawul ke so shi ne yadda ya ke lanƙwasa sauti a hankali in an matsa masa, maimakon ya yanke shi da kaifi. Shi ya sa makaɗan gita ba su rabu da shi ba. Amfilifayar Vox AC30, wadda mawaƙan Beatles suka yi amfani da ita, EL84 huɗu ne a cikinta. Masana'antun bawul kuwa 'yan kaɗan suka rage, a Sulobakiya da Rasha da Sin da Amurka, har ma a 2022, da yaƙin Yukren ya taɓa ciniki da Rasha, bawul ya yi wuya ya yi tsada. Wanda ya sami na Rasha mai lamba 6P14P, ɗan'uwan EL84 ne, yana kuma zama a gurbinsa.

Ribar gaskiya tana ga ilmin da mai haɗawa zai fita da shi. Wanda ya lissafa rasistar katod da kansa, ya bi sawun ƙugi har ya gano tushensa, ya koyi karanta zane da aiki da mita da girmama wuta, kuma waɗannan za su bi shi zuwa ga kowace na'ura. In akwai tsohon mai gyaran rediyo a unguwarku wanda ya yi zamani da bawul, ku je ku gaishe shi, ku nuna masa zanenku, ku roƙe shi ya tsaya kusa ranar kunnawa. A nan za mu dakata. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, mu kwana lafiya.